Yadda Tamaula Ta Zama 'Yar Gida a Kano

Mutumin da ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Mata, abin da zai fara cin karo da shi shi ne babban filin wasa na Sani Abacha. In ya karkata hagu ya yi arewa, sai ya shiga Fagge. In ya ƙara gaba kaɗan ya ƙetare titi, ya isa Sabon Gari ke nan, inda akwai wani filin wasan, tsoho, wanda bai kai na farkon girma ba. Tafiyar duka ba ta fi ta sa'a guda a ƙasa ba. Amma wasan ƙwallon ƙafa, wanda Kanawa ke kira tamaula, sai da ya yi shekara fiye da 80 kafin ya gama wannan 'yar tafiya, gama shi daga Sabon Gari ya faro, ya ratso Fagge, kana ya iso bakin ƙofar birni.

Fagge tsohon zango ne. Tun kafin zuwan Turawa da shekaru masu yawa, nan ne Buzaye ke sauke raƙumansu in sun kawo gishiri daga arewa, nan fatake ke kwance kaya su huta kafin su shiga kasuwar Kurmi. Saboda haka mutanen Fagge sun saba da baƙo tun kaka da kakanni. Ba su cikin ganuwa, amma kuma Hausawa ne Musulmi, talakawan Sarkin Kano. Shi kuwa Sabon Gari, sunansa ya faɗi shekarunsa. Turawa sun ci Kano cikin 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, ta zo da mutanen da ba a saba gani ba, watau akawuna da makanikai da ma'aikatan gidan waya da yaran kantuna, Yarbawa da Ibo da mutanen Saliyo da na ƙasar da yanzu ake kira Gana. Turawan mulki ba su so waɗannan baƙi su cuɗanya da mutanen birni ba, sai wajen 1913 aka yanka musu fili daban, aka ja tituna a miƙe, aka ce nan za su zauna. Ta haka Fagge ta samu kanta a tsakiya, birni a dama, Sabon Gari a hagu, ga kuma kantunan mutanen Siriya da Lebanon a gefenta, inda Kantin Kwari yake.

Su waɗannan baƙi da suka zo daga kudu sun riga sun san tamaula a makarantun mishan na garuruwansu. Wasa na farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya an yi shi ne a Kalaba cikin 1904, tsakanin 'yan makarantar Hope Waddell da matuƙan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Daga bakin teku wasan ya bi hanyar jirgi, duk tashar da reluwe ta kafa bariki, ba a daɗewa sai a ga an share fili an kafa sanduna biyu nan, biyu can. A Kano ma haka aka yi. Ma'aikatan reluwe suna da tasu ƙungiya, kamfanonin ciniki da 'yan sanda da soja kowa da tasa, ana karawa ran Asabar da la'asar bayan an tashi daga aiki.

Akwai kuma wata ƙofa ta biyu da wasan ya shigo ta cikinta, ita ce makarantun gwamnati. Turawan da ke koyarwa a Kwalejin Katsina da Midil ta Kano sun ɗauki wasanni da muhimmanci ƙwarai, suna ganin da su ake gyara halin yaro. Sai dai 'yan makaranta a zamanin nan ba su da yawa, kuma wanda ya fita ya zama malamin En'e, ya sa babbar riga da rawani, da wuya a sake ganinsa da gajeren wando yana bin ƙwallo a guje. Dattawan birni kuwa ba su ga abin kirki cikin lamarin ba. A wurinsu wasan banza ne na Nasara, mai hana yaro karatun allo, mai sa shi ya makara sallar magariba. Yaran Fagge ne ba wanda ya iya tsarewa, domin filin Sabon Gari a bakin ƙofarsu yake. Su je kallo, su tsinto wa manya ƙwallo in ta fita, su komo unguwa su ƙulla tsumma ko su sami lemon da bai nuna ba, su yi ta bugu a lungu ba takalmi. Rashin takalmi kuwa a lokacin ba abin kunya ba ne, don ko zaɓaɓɓun 'yan wasan Nijeriya da suka tafi Ingila cikin 1949, yawancinsu da ƙafa tsirara suka buga, sai ɗan ƙyalle da suka naɗa.

Shekarar 1953

Cikin 1945 Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards, ya ba da kofi don a riƙa gasa a kansa kowace shekara, aka sa masa suna Kofin Gwamna. Da fari ƙungiyoyin Ikko kaɗai ke shiga, daga baya aka buɗe wa sauran garuruwa. Al'adar lokacin ita ce gari ya tsince gwanayen da ke cikin ƙungiyoyinsa duka, ya haɗa su wuri guda, su tafi da sunan garin. Shekara 8 ana yi, kofin bai taɓa barin Ikko ba. In ba ma'aikatan jiragen ruwa suka ɗauka ba, na reluwe ne, ko na wani kamfani ko banki. Mutanen Jos sun kai wasan ƙarshe cikin 1951, aka ka da su.

Shekarar 1953 ba ta zo wa Kano da daɗi ba. A ƙarshen watan Maris, Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai cikin 1956. Wakilan Arewa, Sardaunan Sakkwato na gabansu, suka ce a bari sai lokacin da ya dace. Da suka fito, 'yan Ikko suka yi musu ihu da zagi. Zafin wannan wulakanci bai huce ba sai aka ji S. L. Akintola zai jagoranci 'yan jam'iyyar Action Group su zo Kano su yi lacca a Sabon Gari. Ran 16 ga Mayu rigima ta ɓarke, aka kwana 4 ana yi. Fiye da mutum 30 suka rasu, sama da 200 suka yi rauni, aka ƙone rumfuna da gidaje. Inda abin ya fi muni kuwa shi ne iyakar nan ta tsakanin Fagge da Sabon Gari, watau titunan da yara ke ƙetarawa su je kallon tamaula. Wannan tarzoma tana cikin dalilan da suka sa aka kira shugabannin Nijeriya taro a London aka sake tsarin mulki cikin 1954, aka ba kowace jiha ikon kanta.

To, a cikin wannan shekara ɗin dai, zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka ratsa gasar Kofin Gwamna har wasan ƙarshe, suka gamu da ƙungiyar Dynamos ta Ikko, suka ci ta 2 da 1. Kano ta zama gari na farko da ya fitar da kofin daga Ikko. Ba za a ce nasarar ta share hawayen waɗanda suka rasa 'yan'uwa ba, ko ta kashe gabar da ke tsakanin unguwanni, domin shekara 13 bayan haka, cikin 1966, an yi abin da ya fi na 1953 muni nesa ba kusa ba, har Sabon Gari ya kusa zama kufai. Amma akwai abu guda da ya kamata a lura da shi. Sunan da aka rubuta cikin littafin kofin shi ne Kano kawai. Ba a rubuta Sabon Gari ba, ba a rubuta Fagge ko birni ba. Gwamnatin Turawa ta yi shekara 40 tana raba garin gida-gida, kowane da kotunsa da dokarsa, sai ga shi a filin wasa an kira shi da suna ɗaya. Cikin 1954 Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Kalaba ta karɓe kofin.

Zamanin Raccah Rovers

Bayan an gama yaƙin basasa cikin 1970, mutanen kudu suka fara komowa Sabon Gari, suka tarar abubuwa sun sake. Kano ta zama jiha mai kanta tun 1967, Audu Baƙo yana gwamna, ana gina madatsun ruwa da hanyoyi da makarantu. Yaran nan da suka koyi bugu da ƙwallon tsumma sun girma, waɗansunsu sun zama 'yan wasa, waɗansu 'yan kasuwa masu iya saya wa ƙungiyar unguwa riguna. Rediyo kuma ya shiga kowane zaure, ana jin labarin wasa tun ana cikin yinsa. Cikin 1972 aka kafa gasar ƙasa baki ɗaya wadda ake tara maki, kowace ƙungiya ta je gidan 'yar'uwarta ita ma a zo nata. Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗauka.

Ƙungiyar da ta ɗaga sunan Kano a wannan zamani ita ce Raccah Rovers. Sunan Raccah sananne ne a garin tun lokacin cinikin gyaɗa, gama Saul Raccah, wani Bayahude mutumin Tarabulus, yana cikin manyan masu sayen gyaɗa da suka yi gogayya da kamfanonin Turawa. Raccah Rovers ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, watau tsohon Kofin Gwamna da aka sake wa suna, cikin 1977, Shooting Stars ta Ibadan ta hana ta. Shekarar da ta biyo, 1978, ta ɗauki gasar ƙasa, a lokacin da kowa ke ganin in ba Rangers ta Enugu ba sai Shooting Stars. Cikin 1978 ɗin ne kuma ƙungiyar Fluminense ta Brazil ta zo Nijeriya ta kara da ita a Kaduna, har Pele, wanda ya riga ya yi murabus, ya sa rigar baƙin ya buga musu. Dattawan da suka ga zamanin nan har gobe in ana gardamar tamaula a teburin mai shayi, da Raccah suke rufe bakin samari.

Duk da wannan suna, shekarun 1980 ba su ƙare ba sai da Raccah Rovers ta ɓace. Ita ce cutar ƙungiyar da ke rataye a aljihun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. Ran da ciniki ya ja baya, ko mai ita ya gaji, sai a wayi gari babu ita, magoya baya kuwa ba a shawarce su ba. Wannan ba a Kano kaɗai ake yinsa ba. A Amurka akwai wani wasa da suke ji da shi, sunansa besbol, ana jefa ƙaramar ƙwallo wani ya make ta da kulki ya ruga. Wasan bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba, amma labarin magoya bayansa ya yi kama da na nan. Mutanen unguwar Brooklyn ta birnin New York suna da ƙungiya mai suna Dodgers, sun ɗauke ta kamar 'yar cikinsu. Da aka gama wasannin 1957, mai ita ya ga ya fi samun riba a Los Angeles, can ɗaya gefen ƙasar, ya kwashe ta ɗungum ya tafi da ita, cikin 1960 aka rushe filin wasan nata. Su aƙalla tasu tana raye a wani gari. Ta Kanawa mutuwa ta yi.

Kafa Kano Pillars

Cikin 1990 Nijeriya ta fara gasar ƙwararru, watau ta waɗanda tamaula ita ce sana'arsu, da ita suke ci da iyali. Kano ba ta da ƙungiya guda mai ƙarfin shiga. Sai aka haɗa uku aka yi ɗaya: ta WRECA, hukumar nan ta jiha mai gina madatsun ruwa, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. Aka raɗa mata suna Kano Pillars, ma'ana ginshiƙan Kano, gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinta, aka zaɓa mata kore da rawaya. Wanda ya tsaya kan wannan aiki shi ne Alhaji Ibrahim Galadima, mutumin Fagge, wanda ya daɗe yana hidimar wasanni a jihar. Ba abin mamaki ba ne a ce daga Fagge mutumin ya fito. Wanda zai haɗa ɗan wasa Ibo da Bayarabe da Bahaushe cikin riga ɗaya, ya kuma shawo kan gwamnati ta biya, dole ya zama ya san harshen kowane ɓangare, Fagge kuwa nan ne makarantar wannan. A filin Sabon Gari ƙungiyar ta yi ƙuruciyarta, har filin ya ɗauki sunanta. Cikin 1991 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauke.

A ƙarshen shekarun 1990 aka gyara babban filin Ƙofar Mata, aka sa masa sunan Sani Abacha. An buga gasar matasa ta duniya a cikinsa cikin 1999, da gasar kofin Afirka cikin 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 cikin 2009. Da Pillars ta koma can, tamaula ta iso bakin ganuwa ke nan. Jikokin dattawan da suka hana 'ya'yansu zuwa kallo su ne suka cika kujerun.

Shi Galadima ya ci gaba har ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya daga 2002 zuwa 2006, kuma a filin nan na gida ya gamu da ranar da ta fi kowace ɗaci. Ran 18 ga Yuni 2005 Nijeriya ta karɓi Angola a Kano, ana neman gurbin zuwa gasar kofin duniya ta Jamus. Jay-Jay Okocha ya fara ci, Angola ta rama, aka tashi 1 da 1. A ƙarshe ƙasashen biyu suka yi daidai a maki, amma da yake Angola ta riga ta ci Nijeriya a Luanda, ita aka ba gurbin. Jaridun Ikko suka ɗora laifin kan zafin ranar Kano da kan wanda ya kai wasan can. Da Galadima ya ce zuwa kofin duniya ba gadon Nijeriya ba ne, sai ya ƙara wa wutar fetur, ko da yake in an duba da idon basira, gaskiya ya faɗa, lokacin faɗinta ne bai yi ba.

Sai Masu Gida

Kirarin Pillars shi ne Sai Masu Gida, kuma ba a banza ta same shi ba. Daga 2003 har zuwa watan Agusta 2015, shekara 12, ba ƙungiyar da ta zo Kano ta ci ta a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta karya wannan ƙofi. Cikin 2008 ta ɗauki gasar karo na farko, shekara 30 cif bayan Raccah Rovers. Cikin 2009 ta shiga gasar zakarun Afirka, ta gamu da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin, kuma ba ƙungiyar da ta kai ta yawan ɗaukarsa. Aka yi 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka yi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar'uwarta Heartland ta Owerri ta yi mata dukan kawo wuƙa, 4 da nema a can, 1 da nema a nan. Sa'an nan ta ɗauki gasar ƙasa sau 3 a jere, 2012 da 2013 da 2014.

Mai karatu ya dubi sunayen waɗanda suka yi wannan aiki. Kadiri Ikhana, mutumin Edo, shi ya koyar da 'yan wasan 2008. Muhammad Baba Ganaru, mutumin Borno, ya kawo kofi biyu, Okey Emordi, Ibo, ya kawo na 2014. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2010 kafin ya tafi Holan, daga nan Rasha da Ingila, a Jos aka haife shi. Ga kuma 'yan gida irin su Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, da Gambo Muhammad, da Sani Kaita. Masu Gidan nan dai, in an tona, rabinsu baƙi ne, kamar yadda garin kansa yake. Cikin Maris 2015, da 'yan fashi suka tare motar ƙungiyar a hanyar zuwa Owerri suka harbi 'yan wasa 5, harsashi bai tambayi kowa garinsu ba. Ran 18 ga Fabrairu 2018 kuma, Chinedu Udoji, mai tsaron baya, wanda dā shi ne kyaftin na Enyimba ta Aba, ya buga wa Pillars wasa da tsohuwar ƙungiyarsa, da dare ya yi haɗarin mota a cikin Kano ya rasu. Kanawa suka yi juyayinsa kamar ɗan unguwarsu.

Kofin ƙalubale ne ya daɗe yana yi wa Kano gardama. Cikin 2018, a Asaba, Pillars ta zura wa Rangers ƙwallo 3 ba ko ɗaya, har magoya baya a gida sun fara tayar da babura don zagayen murna. Rangers ta farke duka ukun, aka je bugun fenareti ta ɗauke kofin. Da wuya a sami daren da Fagge ta yi tsit kamar wannan. Shekarar da ta biyo, 2019, a Kaduna, aka tashi ba ci tsakanin Pillars da Niger Tornadoes ta Minna, aka sake zuwa fenareti, wannan karo Pillars ta yi nasara 4 da 3. Kofin da aka kawo Kano cikin 1953 ya sake dawowa bayan shekara 66.

Halin magoya baya

Ba a Nijeriya duka inda ake cika filin wasa don ƙungiyar gida kamar Kano. Tun da tauraron ɗan Adam ya kawo wasannin Turai, aka buɗe gidajen kallo a kowane lungu, filayen garuruwa da yawa suka zama wayam, samari suka koma 'yan Arsenal da Chelsea da Barcelona. A Kano ma akwai wannan, gidajen kallon Fagge da Sabon Gari ba su rasa jama'a. Amma Bakano yakan riƙe biyu, ta Turai don hira, Pillars don zuciya. Ran wasan gida, tun azahar ɗan kasuwar Kwari ke rufe rumfa, tela ya ture keke, a kama hanyar Ƙofar Mata da ganguna da kakaki. In an tashi kuma, shari'a ta koma majalisun unguwa da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyo. Nan za a ji mutumin da bai taɓa buga ƙwallo ba yana bayyana dalla-dalla inda koci ya yi kuskure, da wanda ya kamata a cire tun kafin hutun rabin lokaci, da dalilin da ya sa alƙalin wasa bai busa fenareti ba. Sau da yawa kuma maganarsa tana kan hanya, gama ido wa ka raina. Su ne ke fara tambayar inda kuɗin ƙofa ke tafiya, su ne ke fara jin in an yi watanni ba a biya 'yan wasa alawus ba.

Sai dai son da ya wuce iyaka ya sha jawo wa ƙungiyar hasara. Waɗansu sun ɗauki kirarin Masu Gida da cewa haramun ne baƙo ya zo ya tafi da maki. Cikin 2020 aka mai da filin Ƙofar Mata wurin keɓe masu cutar korona, Pillars ta koma Kaduna tana karɓar baƙinta a can, Masu Gida suka zama 'yan haya. Da aka dawo Kano cikin Afrilu 2022, a wasa da Katsina United, 'yan kallo suka tada hargitsi, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara, ta zabge mata maki, ta sake korar ta daga gida. Kakar wasan ba ta ƙare ba sai ga Pillars, mai kofin ƙasa 4, ta faɗa rukuni na biyu. Waɗanda suka yi jifa da sunan ƙauna suna cikin waɗanda suka tura ta ramin. Ta hau cikin 2023, amma cikin Oktoba 2025, bayan Shooting Stars ta farke ci a ƙarshen wasa aka tashi 1 da 1, aka sake afka wa fili, aka taɓa alƙalan wasa da baƙi, aka sake zabge maki 3 da rufe filin.

Akwai kuma maganar mai ita. An ba gwamnati Pillars ne don kada ta mutu irin mutuwar Raccah, kuma lalle ba ta mutu ba, ta haura shekara 30. Amma abin da gwamnati ke ciyarwa, gwamnati ke juyawa. In an sake gwamna akan sake shugabannin ƙungiya, in baitulmali ya yi ƙasa 'yan wasa su ji a jikinsu, gwanin da ya fito kuwa ba a iya riƙe shi. Dubban mutanen da ke biyan kuɗin ƙofa ba su da ƙuri'a ko ɗaya kan yadda ake tafiyar da ita, alhali a Masar da Sifen akwai manyan ƙungiyoyi, irin su Al Ahly da Barcelona, waɗanda membobinsu ke zaɓen shugaba.

Cikin 2021 Ahmed Musa, bayan ya ci wa Nijeriya ƙwallo 4 a gasar kofin duniya, 2 a ragar Ajantina cikin 2014, 2 a ragar Iceland cikin 2018, ya komo ya sake sa rigar Pillars na ɗan lokaci. Ya sake dawowa cikin 2024, cikin 2025 kuma gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar alhali yana cikin buga mata wasa. A shekarar 2025 ɗin ne wata sabuwar ƙungiya, Barau FC, ta Sanata Barau Jibrin, ta hau babban rukuni, Kano ta sami wakilai biyu, ɗaya ta gwamnati, ɗaya ta mutum guda kamar Raccah ta dā. Fagge da Sabon Gari kuwa, waɗanda Turawa suka ja wa iyaka cikin 1913, yanzu ƙaramar hukuma ɗaya ce ke riƙe da su, sunanta Fagge, tsohon filin wasan yana cikinta.